Giwar Kwali da Tagar da Na Rufe

Dutse Uku, Jos
Alhamis da hantsi

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki kin sauka Lakwaja lafiya, ke da kayanki, babu abin da ya fashe, babu abin da ya salwanta a tasha. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da maƙwabta na kirki, Ya sa ki gama hidimar ƙasar nan ki dawo mana da ƙafarki. Abbanki yana gaishe ki. Ya ce in gaya miki ki riƙa cin abinci. Na gaya miki.

Za ki tarar da takardar a cikin kwalin da na ɗaure da igiyar shanya. Na san kin ɗauka dankalin turawa ne, shi ya sa ma kika yarda ki ɗauka. Dankalin yana cikin buhun. Abin da ke cikin kwalin sai kin karanta za ki gane shi, kuma ina roƙonki kada ki yi dariya kafin ki kai ƙarshe. Dariyar da aka yi masa a gidan nan ta isa.

Dalilin rubutun shi ne abin da na gani ranar Talata. Na shiga ɗakinki kina haɗa kaya, sai na ga kin naɗe ƙarfen liƙin Abbanki a cikin tsohuwar suwaita, tare da ƙullin wayar dalma, kin tura ƙasan akwati kamar mai ɓoye kayan sata. Kika yi tari sau biyu, irin busasshen nan. Na ce me ya same ki. Kika ce, "Sanyi ne kawai, Mama." Ba ki ko ɗago kai ba.

Maganata ce kika maido mini, har da muryar. Shekara da shekaru ni nake faɗarta a gidan nan.

Kin san ba na iya zama in yi magana mai nauyi da ke ido da ido. Sunan surukata aka sa miki, ga ki 'yar fari, kuma ko babu wannan, bakina ba ya iya gama jimla bai sa mata ƙaya ba. A takarda kuwa ina iya gogewa.

Zan fara da taga.

Lokacin da muka tare a gidan nan, ɗan ƙaramin ɗakin da ke jikin falo Abbanki ya mayar wurin gyare-gyarensa. Ba sana'arsa ba ce, kin sani, aikin ofis yake yi. Amma daga ya dawo bayan la'asar, da ranakun Asabar da Lahadi, yana nan a sunkuye kan rediyon wani ko tocilan ɗin wata. Duk layin nan babu gidan da bai farfaɗo wa da wani abu ba, kuma ladansa bai wuce "Allah Ya saka" ba. Yakan kafa kan ƙarfen a kan waya, dalma ta narke, wani siririn farin hayaƙi ya miƙe kai tsaye zuwa hancinsa kamar an aike shi. Ke kuma tun kina rarrafe gindin teburin nan ne wurin zamanki.

Ɗakin yana da taga ɗaya. Ni nake rufe ta.

Kin san sanyin garin nan, musamman a tsakiyar damina, lokacin da ruwa zai kwana uku yana yayyafi, bango ya yi sanyi kamar randa. Sai in shigo in ga tagar a buɗe, in ja ta in sa sakata, in cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Yakan ce, "Malama, ki bar mana ko tsaga ɗaya." In ce, "Sai yarinya ta kamu da ciwon haƙarƙari hankalinka ya kwanta." Shi ke nan, ya koma kan aikinsa. Wa zai yi gardama da uwa a kan lafiyar 'yarta?

Abin da ya sa wannan ya fi ƙarfin a kira shi rashin sani shi ne digirina. Ilimin sinadarai na karanta, shi nake koyarwa tun kafin a haife ki. Na san hayaƙin nan ba na dalma ba ne, na ƙaron da ake zubawa a cikin wayar ne don liƙi ya kama. Na san ƙirji ba ya son sa, kuma idan ya gaji da shi ba ya yafewa. Na taɓa rubuta wannan a jarrabawa, aka ba ni maki mai kyau. A makaranta, yarinya ba ta isa ta buɗe kwalba a ɗakin gwaji taga na rufe ba. Amma da na dawo gida sai in rataye ilimin tare da gyalena. Har ƙamshin ina so, in gaya miki gaskiya. Idan na ji shi daga kicin na san mijina yana gida.

Don haka abu na farko: abin da kika sani, ki shiga da shi ɗakin da kike kwana. Kuma kada ki ce Lakwaja zafi ne, ba ruwanki da maganar taga. A can sauro ne zai sa ki rufe. Kowane gari da hujjarsa. Ki sa raga, ki bar tagar a buɗe. Kada kuma ki yarda fankar sama ta ruɗe ki, ita raba hayaƙin take yi wa kowa ya samu rabonsa. Hayaƙi fitar da shi ake yi.

Abbanki, wanda bai karanta ko shafi ɗaya na abin da na karanta ba, shi ya fara ganewa. Kina da shekara tara. Wata Asabar ya tafi Dilimi wajen masu tsofaffin kaya, ya dawo da 'yar fankar da ake cirewa a cikin kwamfuta, da dogon tiyo mai zobba na injin wanki, da tsohuwar adafta. Ya ɗauki kwalin taliya ya huda gaba da baya, ya zaunar da fankar a ciki, ya ɗaura tiyon ya kai shi taga, ya toshe sauran tagar da falanki don kada sanyi ya shigo in yi magana. Har wannan ya yi tunaninsa. Ya kira ni yana murmushi irin na yaron da ya ci jarrabawa.

"Malama, zo ki ga ikon Allah."

Ya kunna. Hayaƙin ya taso zai nufi fuskarsa, sai ya karkata kamar an kira sunansa, ya shige kwalin. Kika yi tsalle kina tafi.

Ni kuwa na tsaya a bakin ƙofa na harɗe hannu. Na dubi kwalin da hoton taliya a jikinsa, na dubi tiyon, na ce, "Ma sha Allah. Mun samu giwa. Sai a sanar da gidan namun daji su zo su ɗauka."

Ya yi dariya. Ke ma kika yi. Sunan ya bi abin, giwar kwali. Na ji daɗin kaina ƙwarai, don maganar ta yi daɗi a baki. Duk wanda ya zo gidan nan sai na kai shi ya gaishe da giwa. Nakan ce, "Injiniya ne ya ƙera, kada ku taɓa, tana cizo." Abbanki yana tsaye yana taya su dariya. Sai daga baya na lura ya daina kunna ta idan ina kusa. Wai ƙararta tana damuna ina duba takardun yara. Ban taɓa cewa tana damuna ba. Ban kuma taɓa cewa ba ta damuna ba.

Kin gaji wannan bakin, Ummi, na ji ki da ƙawayenki. Baki ne mai sa a so zama da ke, ba na musu. Amma kafin ki saki magana a kan abin da mutum ya yi da hannunsa, ki tambaya tukuna ko abin yana aiki. Ni ban tambaya ba. Na ga yana aiki da idona, amma muninsa na duba. Mutum mai haƙuri ba zai ce miki kin ji masa ciwo ba. Zai taya ki dariya, ya je ya kashe abin.

Yanzu ga wadda ba ki sani ba.

An gaya miki ruwan sama ne ya shigo ta taga ya jiƙa giwa ta lalace. Ni na faɗa. Ƙarya ce. Lokacin da aka ƙara mini girma a makaranta, malamai mata suka ce za su zo taya ni murna. Na share gida, na canza labule, sai na tsaya a tsakar gida na ɗaga kai na ga tiyon nan yana leƙowa ta taga, baƙi, a lanƙwashe. Cikin masu zuwa akwai matan da gidajensu suke da tayil har banɗaki. Abbanki ya yi tafiyar aiki ta kwana uku, kina makaranta. Na ɗauki wuƙar kicin na yanke igiyoyin. Kwalin na hura gawayi da shi. Tiyon na bai wa mai gyaran famfo ya haɗa mana a wurin wanki. Fankar ce kaɗai na rasa yadda zan yi da ita, na jefa ƙasan adakata.

Baƙin suka zo, suka ci waina, suka yaba labule, suka tafi kafin magariba. Babu wadda ta ko kalli wajen tagar.

Da ya dawo ya shiga ɗakin, ya daɗe, ya fito ya ce, "Ina giwa?" Na ce ruwa ya cinye ta. Ya ce, "Allah Sarki." Na ce ai sai ya sake wata, mai ɗan kyan gani. Ya ce to. Bai sake ba. Ni kuma ban tuna masa ba, na mayar da sakatar tagata.

Ba zan yi miki dogon wa'azi a kan wannan ba, ba ni da bakin yi. Ki dai sani cewa baƙo yini ɗaya yake yi, ƙirji kuwa da shi za a kwana a tashi.

Tarin Abbanki ya fara ne a hankali. Kin san yadda muke a Jos, duk abin da ya sami mutum daga wuya zuwa cibiya sanyi ne. Ya yi tari, sai in dafa citta da kanumfari, in matse lemun tsami a zuma, in ƙara masa suwaita, in je in duba ko tagar ta rufu da kyau. Tarin ya ƙaru, na ƙara tsumma a ƙasan ƙofa. Ki duba wannan lissafi na malamar kimiyya: ciwon yana ƙaruwa, ina ƙara masa abin da ke kawo shi, ina kuma jin kaina mace mai kula da miji. Alamar tana gabana. Ranakun aiki da sauƙi, Lahadi da yamma ƙirji ya toshe. In ya yi tafiya ya dawo garau, sai in ce ai can ƙasar zafi ce. Da yarinya ta kawo mini irin wannan amsa a aji, da jan biro zan zagaye ta.

Shi ma yana da tasa hujjar. Kakanki haƙar kuza ce ta kawo shi garin nan, don haka Abbanki yakan ce, "Mu 'ya'yan kuza ne, Malama. Rabin wayar nan kuza ce, ba za ta ci nata ba." Yana faɗa yana riƙe da wayar dalmar a leɓensa, wai hannu na uku. Wannan ma na gani na yi shiru.

Anti Nanret ce ta fasa ƙwan. Kin san ta, ƙawata tun sakandare, nas ɗin nan ta Anguwan Rukuba mai kawo mana cincin duk Kirsimeti. Ta zo wata Lahadi ta same shi a zaune a falo yana jan numfashi, ƙirjinsa yana kuka kamar usur. Ta saurara, ta tashi ba ta nemi izinin kowa ba ta tura ƙofar ɗakin gyaran. Hayaƙi yana kwance a ciki kamar hazo a kan dutse. Ta juyo ta dube ni.

"Madam Kemistiri, ina giwa?"

Na ce ta lalace tun tuni.

"Kuma taga fa? Ita ma ta lalace?"

Na ce sanyi.

"Abeg, bar ni da sanyi. Duk Jos muna shan sanyi, wa kika ji yana busa usur? Oga, sa takalmi. Ke kuma Madam, in ba ki san wannan ba, ki mayar musu da satifiket ɗinsu."

Likita ya ce asma ce, kuma ƙirjin ya riga ya tsani hayaƙin, ko kaɗan ya shaƙa zai tashi. Ya ce a ajiye ƙarfen. Sauran kin gani da idonki: abin shaƙa a aljihun kowace riga, hutawa sau biyu a hawan nan na zuwa masallaci. Har yau mutane suna sallama da rediyo a hammata, ya karɓa, ya jijjiga, ya kara a kunne, ya faɗi abin da ya lalace, ya miƙa musu abinsu. Daga baya sai ya koma cewa, "A bai wa Ummi." Haka ƙarfen ya dawo hannunki, kika shiga ɗakin nan kika ja ƙofa don kada hayaƙin ya same shi. Ke ma kina ganin kulawa kike yi. Ni kuma ina ganin 'yar gyaran fitila da caja ce ta lokaci-lokaci, ba ta kai a yi magana ba. Wannan shi ne na ƙarshe a jerin kurakuraina, kuma bai tsufa ba.

Idan kin sauka, ki je a saurari ƙirjinki. Ki gaya musu kina liƙi, kada ki bari su ce mura. Wataƙila ba komai ba ne. Ni dai na daina yanke wannan hukunci.

Jiya da safe na buɗe adaka na ciro fankar. Na ajiye ta a gaban Abbanki yana shan koko, na gaya masa komai, wuƙar, da gawayin, da ƙaryar ruwan sama. Na shirya jawabi mai kyau, amma a guntule ya fito. Ya ɗauki fankar ya hura mata iska, ta juya. Ya ce, "Ashe tana da rai."

Na ce, "Abin da za ka ce ke nan?"

Ya ce, "Malama, tiyon giwa ne ke kai ruwan wanki kwata shekara goma sha huɗu. A gefensa nake alwala kullum."

Na ce to me ya hana shi magana, me ya hana shi sake wata.

Ya ce, "Na ga ba kya so."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ni na je Dilimi da kaina. Dattijon da ke sayar da tsofaffin kayan ya dube ni da gilashina da jakata, ya ce, "Hajiya, injin wankin ne ya lalace?" Na ce a'a, giwa zan haɗa. Ya ce, "Allah Ya ba da sa'a," ya miƙo tiyo bai ƙara tambaya ba. A garin nan an ga abin da ya fi haka.

Abbanki ya zauna a tsakar gida a kan kujera, nesa da hayaƙi, yana ba da umarni ta taga. Ni ce a teburin. Waya biyu kacal zan liƙa, ja da baƙa, na ƙone yatsa sau biyu. Ya ce, "Wayar ake ɗumamawa, Farfesa, ba dalmar ba." Na ce ya yi mini shiru. Ya ce, "Giwarki ta fi tawa muni." Gaskiya ya faɗa.

To ita ce a cikin kwalin. Ga yadda za ki yi da ita, daga bakinsa, ni magatakarda ce kawai. Ki ajiye bakinta kusa da inda kike liƙi, kada ya wuce taƙi ɗaya, don 'yar fanka ce, ba ta jawo abin da ke nesa. Ta zauna a gefe ko a gabanki, yadda hayaƙin zai bar fuskarki, kada ya bi ta hancinki kafin ya isa wurinta. Akwai kibiya a jikin fankar, ta nuna wajen tiyo. In kin taɓa cire ta, kada ki mayar da ita a juye. Tiyon ya fita ta taga, kuma ki duba kada ya kalli tagar maƙwabta. Kada ki bari ya yi lanƙwasa da yawa. Duk inda kika ga tsaga a kwalin ki like da salatif. Baƙin soson da ke bakinta na tace hayaƙi ne, an yi shi da wani irin gawayi na musamman, gawayin kicin ba ya maye gurbinsa. Yana cika, ki canza shi, na sa miki biyu. Amma kada ki dogara da shi ki ce ba sai tiyo ya fita waje ba. Kafin ki fara aiki ki kunna turaren tsinke ki riƙe a inda ƙarfen zai tsaya. In hayaƙin ya karkata ya shige, to. In ya miƙe sama, ki matso da ita.

Wannan kuma nawa ne, daga digirin da na kakkaɓe: dalma ta hannu take shiga ciki. Kada ki sa wayar a baki ko da Abbanki ya ce gado ne. Kada ki ci gyaɗa a teburin. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa abinci.

Ban ce ki ajiye ƙarfen ba. Na ga fuskarki ranar da fitilar maƙwabta ta kama a hannunki, irin fuskarsa ce. Na riga na raba mutum ɗaya da wannan, ya isa.

Wata rana wata za ta shigo ɗakinki ta ga kwali da tiyo, ta yi dariya, ta sa masa suna. Wataƙila ma sunan ya yi daɗi. Ki taya ta dariya in kin ga dama, amma ki bar shi a kunne.

Ki yi haƙuri da rubutun, ya karkace. A ɗakin gyaran nake zaune, tagar a buɗe, ana yayyafi, yatsuna sun sandare. Abbanki ya leƙo yanzu ya ce, "Malama, rufe tagar nan mana, sanyi zai kama ki." Na ce ya bar ta.

Allah Ya kiyaye numfashinki, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na dare da na rana, Ya sa albarka a hannunki. Ya ba Abbanki lafiya. Ni kuma ki yafe mini, shi ya riga ya yafe tun ban roƙa ba, kuma wannan ne na kasa ɗauka.

Wassalam.

Mamanki